Gero a Siton Masara

An yi wani mutum a wani gari, ba sai na faɗi sunan garin ba, kada wani ya tashi gobe ya ce zai je ya tambayo. Sunan wannan bawan Allah Lurwanu. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ba ya cikin waɗanda ake matsa wa wuri a sahun gaba. Direba ne. Amma kafin ku fara hango shi a kan titi yana danna oda, ku dakata, don motar da yake tuƙawa ba ta taɓa hawa kwalta ba. Fokilif yake tuƙawa.

Na ga dattawan da ke wancan gefen suna kallon juna. To, ku saurara. Fokilif wata 'yar mota ce gajera, kujera ɗaya gare ta, ba ta ɗaukar fasinja. A gabanta akwai yatsu biyu na ƙarfe, dogaye, a kwance. Ana jera buhuna a kan wani faffaɗan katako, sai ta zo ta zura yatsun a ƙarƙashinsa, ta ɗaga gaba ɗaya, ta kai inda ake so ta ajiye. Abin da ƙarti goma za su yi ta nishi a kansa, ita tafiya ɗaya take yi masa. Yanzu kam sunan ya shiga bakin kowa. In aka ga ƙato ya sungumi buhu shi kaɗai, sai a ce wane fokilif ne. In aka ga mutum a gaban tuwo yana kai manyan lomomi ba ya ɗagowa, nan ma a ce fokilif. Kada ku waiwayi kowa, ban ambaci suna ba.

Amma a lokacin da nake ba ku labari, ita ce ta farko da ta shigo garin. Wani attajiri, Alhaji Namadi, shi ya sayo ta don sitonsa. Ƙaton sito ne da ya gada wurin mahaifinsa, kuma abu ɗaya ake ajiyewa a ciki: masara. Masara ke shiga, masara ke fita. Ku riƙe wannan a ranku, zai yi mana amfani a gaba.

Shi Lurwanu Allah Ya ba shi hannu. In ya zura yatsun nan a ƙarƙashin katako, sai ka ce uwa ce za ta ɗauki jaririn da ke barci. Ba ya gaggawa, ba ya wasa da sitiyari don a gani. In kaya sun yi tsawo sun tare masa gaba, sai ya juya ya tafi da baya yana waige, kada ya take wani. In ya tashi aiki, ya kwantar da yatsun a ƙasa, kada mai wucewa ya yi tuntuɓe. Tun da ya fara aiki, buhu ɗaya bai huje a hannunsa ba. Alhaji har alfahari yake da shi a majalisa.

To, ku ji inda ƙwarewar mutum ta zame wa wani yunwa.

A siton nan akwai wata ƙa'ida tun zamanin mahaifin Alhaji. Duk ƙwayar da ta zube ta taɓa ƙasa, ta fita daga hannun mai sito, ta zama ta mai shara. Da can 'yan dako ne ke sauke kaya da ƙugiya, kuma kun san ƙugiya da buhu, dole a samu yagewa. Wuni guda masara na zuba, mata masu tsintsiya na bi suna tarawa, su bakace, su fidda tsakuwa, su kai gida. Ba roƙo ba ne, aiki ne: suna share wa sito ƙasa, ƙasa tana ciyar da su. Da fokilif ta zo, zuba ta tsaya cak. 'Yan dako dai ba su rasa abin yi ba, don su ke jera kaya a cikin tirela. Masu shara kuwa sai suka watse, kowacce ta nemi wani siton inda har yanzu ƙugiya ke aiki.

Mutum ɗaya ce ba ta tafi ba, wata tsohuwa da ake kira Iya Tasalla. Ita ƙafa ba ta kai ta nesa, ga shi kuma a gida tana da tsohon miji wanda idonsa ya mutu, ita ce cinsa, ita ce shansa. Tun Alhaji yana yawo ba wando take share siton nan. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, amma in ta buɗe baki, ƙato sai ya nemi wurin ɓuya. Ba ta taɓa yarda ta kira motar nan da sunanta ba. Cokalin Alhaji take ce mata. Kullum da safe za ta zo da tsintsiyarta da ƙwaryarta, ta share siton tun daga ƙofa har ƙurya, ta tashi da abin da bai fi cikin tafin hannu ba. Ba ta yi wa kowa ƙorafi ba. Sai dai in Lurwanu ya zo wucewa ta harari motar, ta ce cokalin nan ba ya zubar da ko miya.

Lurwanu yana gani, abin yana cin ransa. Ya lura ƙwaryar da ke fita a cike yanzu a kife take fita. Ya lura tsohuwar ta fara tsayawa tana dafa bango kafin ta ƙarasa shara. Ya san ba wanda ya jawo wannan sai hannunsa mai kyau.

Wata rana wani ɗan dako ya ja shi gefe ya ba shi shawara. Ya ce abin ai mai sauƙi ne: in ya zo ɗaukar kaya, ya ɗan ɗaga yatsa ɗaya sama kaɗan, ya soki buhun ƙasa. Wa zai ce da gangan ne? Alhaji ba zai talauce don mudu biyu ba, tsohuwa kuma ta ci abinci. Jama'a, ku faɗi gaskiya, da yawanmu nan da mun ce wannan ai taimako ne. Lurwanu ya ce masarar ba tasa ba ce, kuma ba ya so ya ciyar da tsohuwa da abin da in ta san asalinsa za ta tofar. Ɗan dako ya ce to, ya ci gaba da tsoron Allah, tsohuwa ta ci gaba da azumin dole. Maganar ta soke shi, don akwai gaskiya a cikinta.

Sai ya bi hanyar da kowa zai fara bi. Shi Lurwanu yana da wa a ƙauye da ke noma gonar gadonsu, duk kaka yana aiko masa da rabonsa na gero. Ya ɗebi mai ɗan yawa a leda, ya sami Iya Tasalla a bakin sito, gaban mutane, ya durƙusa ya miƙa mata, ya ce ga wannan a yi wa Baba kunu.

Wayyo, da bai yi ba. Tsohuwa ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Ɗan nan, ka gan ni da ƙoƙo a bakin masallaci? Da tsintsiyar nan na aurar da 'ya'ya, da ita na yi wa uwata likkafani. Ɗauke ledarka. Ranar da na kasa sunkuyawa, ka kawo."

Ya ɗauke ledarsa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Kada ku ce girman kai ne da ita. Wanda bai mallaki komai ba sai mutuncinsa, in ka ce ya miƙo shi ka ba shi gero, ka yi masa tayin da ya fi ƙarfinsa. Lurwanu ya gane haka. Ya gane cewa ba geron ta ƙi ba, miƙowar ta ƙi.

Ya je gida ya yi ta juya abin, har Allah Ya kawo masa dabara. Ya shawarci matarsa, don geron na bakinsu ne su duka, ta ce Allah Ya ba da lada, a ɗiba. Ya sayi tsohon buhu a kasuwa irin wanda ake zuba masara, ya zuba geronsa a ciki, ba cikawa ba, daidai abin da zai riƙe mutum biyu kwana da kwanaki. Ya ɗaure a bayan kekensa ya shiga da shi sito da sassafe. Mai gadi bai ce masa komai ba. Kun san masu gadi, abin da ke fita suke bincike, ba wanda ya taɓa tsare mutum don ya shigo da kaya.

Ya jira har lokacin da 'yan dako suka fita cin abinci, Iya Tasalla kuma tana shara can ƙuryar sito. Ya ɗora buhunsa a gefen katako, ya hau mota, ya saita yatsa ɗaya, ya soke shi. Hatsi ya tsiyaye a ƙasa. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Iya, ga buhu ya huje!"

Ku lura, bai yi ƙarya ba. Buhu ya huje kuwa. Bai ce na wane ne ba, bai ce kuskure ne ba.

Tsohuwa ta taho tana jan ƙafa, ta tsaya a kan abin da ya zube, ta daɗe tana kallo. Ta sunkuya ta ɗebo a hannu ta murza. Sannan ta ɗago ta fara yi masa faɗa. Ta ce dama ta san za a rina, yaran yanzu ba su iya komai ba sai rawar kai, an ba shi amanar dukiyar mutane yana wasa da ita, in ya sake sai ta gaya wa Alhaji. Tana faɗa tana sharewa, tana faɗa tana sharewa, har ta cika ƙwarya ta rufe da faifai. Lurwanu ya sunkuyar da kai yana cewa a yi haƙuri, Iya, a yi haƙuri, zuciyarsa kuwa fari ƙal.

Na ga wasu a baya sun fara murmushi. Kun hango abin da shi bai hango ba. Ku riƙe bakinku, za mu zo wurin. Mutumin nan direba ne, ba ɗan wasan kwaikwayo ba.

Haka abin ya zama musu al'ada. Duk lokacin da ya ƙiyasta abin da ta kai gida ya kusa ƙarewa, sai buhu ya huje. Kullum a ƙurya ɗaya, kullum sa'ad da ba kowa. Kullum kuma sai ya sha faɗa, har wani lokaci ta ɗaga masa tsintsiya. Tsohuwa ta murmure, ta daina dafa bango. Damina ta wuce, kaka ta zo, wansa ya aiko da sabon gero, buhu ya ci gaba da hujewa. A gidan Lurwanu an rage yawan fura, amma ba wanda ya kwana da yunwa.

To, akwai wani mutum a siton, Sabi'u, shi ke riƙe da mukullai, shi ke kula da shige da ficen kaya. Ba mugu ba ne, kada ku zage shi. Mutum ne mai son a san yana aiki. Ran nan bai fita cin abinci ba, ciki na damunsa, ya kishingiɗa a bayan jerin buhuna. Yana nan sai ya ji ƙarar mota. Ya leƙo. Da idonsa ya ga Lurwanu ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ja baya, ya saita yatsa a hankali, ya soki buhu. Ba kuskure, ba tuntuɓe. Ya ga hatsi na zuba, ya ga tsohuwa ta taho da ƙwarya.

Da Sabi'u ya taka ya je wurin ya sunkuya, da labarin nan ya ƙare a nan. Amma bai je ba. Ciwon ciki ya warke nan take, ya zari takalmi ya yi ofishin Alhaji da gudu.

Alhaji Namadi ya taso ransa a ɓace. Ba masarar ce ta dame shi ba, yabon da ya yi ta yi a majalisa ne ya dawo masa. Ya tsaya a bakin sito ya sa aka kira Lurwanu. 'Yan dako sun dawo daga cin abinci, direbobin tirela na nan, masu shayi da masu goro duk suka matso. Iya Tasalla ma ta fito daga ƙurya da ƙwaryarta a rufe, ta tsaya can baya.

Alhaji ya tambaye shi ko gaskiya ne ya soki buhu da gangan. Ya ce gaskiya ne. Ya tambaye shi ko yau ya fara. Ya ce a'a, an jima ana yi. Ɗan dakon nan da ya taɓa ba shi shawara ya riƙe baki, yana cewa a ransa ashe malam ya ɗauki karatu.

Alhaji ya ce, "Don me?"

Jama'a, ku tsaya nan ku duba inda mutumin nan yake. Kalma ɗaya za ta wanke shi. Ya ce buhun nawa ne, shi ke nan. Amma in ya faɗa, ga tsohuwa can tsaye, ga duk wanda ta taɓa yi wa tsiwa a wurin. Kowa zai ji cewa Iya Tasalla, wadda ta ce ba ta cin sadaka, sadaka take ci tun bara. Kuma ya san halinta: daga ranar ba za ta sake taɓa ƙwaya ɗaya ba, ita da makahon mijinta su koma inda suka fito. In kuma ya yi shiru, aiki ya tafi. Ba aiki kaɗai ba, har suna. Direban da aka kora don yana soke buhu, wane mai sito ne zai sake miƙa masa mukulli?

Ya matsa kusa ya rage murya, ya roƙi Alhaji su keɓe su biyu. Alhaji ya ƙi. Ya ce ba wani keɓewa, mutanen nan duk sun ji an yabe shi, su ji dalilinsa.

Lurwanu ya dubi ƙasa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro mukullin motar, ya miƙa da hannu biyu.

"Alhaji, ban ci amanarka ba, Allah Ya sani. Amma dalilin ba zan iya faɗinsa a nan ba. Ga mukullinka."

Ga shi yana da iyali, kuma yana son aikin nan kamar ransa. Alhaji ya karɓa. Sai aka ji murya daga baya tana cewa a ba ta hanya, ƙartin banza, sun tsaya kamar an dasa su.

Iya Tasalla ta ratso mutane har gaban Alhaji. Ta sauke ƙwarya, ta ɗauke faifan, ta tura masa ita da ƙafa.

"Namadi, yaushe ka fara sayar da gero?"

Alhaji ya sunkuya. Ya ɗebo ya duba. Gero ne, jama'a, gero tsantsa, ko ƙwayar masara ɗaya babu. A siton da tun zamanin mahaifinsa ba a taɓa shigar da gero ba. Ya dubi Sabi'u, Sabi'u ya dubi sama. Aka aika ƙurya aka ɗauko buhun da aka soke, ga shi tsohon buhu, duk jikinsa ɗinki, don kowane karo Lurwanu sai ya kai gida matarsa ta ɗinke ramin. Wani ya fara dariya, sai wurin ya ɗauka gaba ɗaya.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, Lurwanu da tsohuwa. Lurwanu ya tsaya baki buɗe yana kallon tsohuwa. Da ƙyar ya ce, "Iya, dama kin sani?"

Ta ce, "Kai, ɗan nan. Tun ba a haifi uwarka ba nake surfe. Ko a cikin duhu aka zuba mini a hannu, ba zan bambance gero da masara ba? Tun ranar farko na gane. Geron da na ce ka ɗauke ne, ka zagayo da shi ta ƙasa."

Alhaji ya tambaye ta to me ya sa ba ta taɓa magana ba, har tana yi masa faɗa. Ta ce yaro ya sha wahala ya shirya abinsa, ya sayi buhu, ya yi ta waige-waige kamar ɓarawon akuya, duk don kada ta ji kunya. In ta nuna ta gane, ai ita ta kunyata shi. Shi yana rufa mata, ita tana rufa masa. Faɗan kuwa, ta ce, in ba ta yi ba zai zargi wani abu.

Sannan ta juya ta fuskanci taron. Muryarta ta sauka, ba irin wadda aka saba ji ba.

"To, kowa ya ji. Ni Tasalla, sadakar yaron nan nake ci, ni da malam mijina. Na faɗa da bakina. A mayar masa da mukullinsa."

Dariya ta ɗauke. Ku duba abin da tsohuwar nan ta yi. Abu ɗaya ta mallaka a duniya, wanda ta ƙi sayarwa da yunwa, shi ta ciro ta ajiye a gaban mutane don kada a kori yaron. Shi ya ba da aikinsa don mutuncinta, ita ta ba da mutuncinta don aikinsa. Ni duk lokacin da na zo nan a labarin sai na ji idona ya kawo ruwa, kuma ba na jin kunyar faɗa muku.

A nan Alhaji Namadi ya nuna shi ma ɗan halak ne. Kunya ta kama shi, don ya tuna ranar da ya sayo motar ya yi lissafin komai ban da masu tsintsiya. Sai ya ce, "Iya, ba ki faɗi daidai ba. Ƙa'idar Babana cewa ta yi duk ƙwayar da ta taɓa ƙasar siton nan ta mai shara ce. Bai ce sai masara ba, bai ce sai tawa ba. Geron nan ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba?"

'Yan dako suka amsa baki ɗaya cewa ya taɓa.

"Wa ya share?"

Suka ce Iya.

"To, guminki kika ci. Wanda ya ce sadaka ce, ya zo ya same ni."

Tsohuwa ta goge ido da bakin mayafi. Sannan ta gyara tsayuwa ta ce dama ita ma haka ta gani, tana dai gwada shi ne ta ji ko ya san ƙa'idar ubansa.

Alhaji ya kamo hannun Lurwanu ya danƙa masa mukulli, ya nemi ya yafe masa. Lurwanu ya ce shi ne ma zai nemi yafiya, don duk sokewar da ya yi da man Alhaji motar ta yi ta. Alhaji ya ce ya yafe man, amma da hukunci: daga yau buhun da za a riƙa sokewa nasa ne, shi Alhaji, ya gaji da ana kwashe lada a cikin sitonsa ba a sa shi. Sabi'u kuwa, tunda Allah Ya ba shi ƙafar gudu, shi zai riƙa kai wa Iya ƙwaryarta gida. Sabi'u ya ce ya yarda, ya je ya durƙusa gaban Lurwanu, suka yafi juna.

Kun ɗauka tsohuwa ta yi godiya ta tafi? Ta ce ita fa ba ta yarda a mayar da ita kan masara ba. Malam ya saba da kunun gero, masara kumbura masa ciki take. Dole Alhaji ya riƙa sayo buhun gero musamman ana ajiyewa a ƙurya. Baƙi in sun shigo su tambaya me gero ke yi a siton masara, a ce musu na sokewa ne. Ranar farko da aka ɗora wa Lurwanu buhun Alhaji, sai ya kasa. Ya matso ya ja baya, ya matso ya ja baya, hannu ya saba da tsare kayan mutane. Sai da tsohuwa ta buga tsintsiya a ƙasa ta ce ya soka mana, ko sai ta hau cokalin ta nuna masa.

Haka suka zauna har Allah Ya karɓi ran mijinta, ita ma ba ta daɗe ba ta bi shi. An ce Lurwanu na cikin waɗanda suka ɗauki makararta, kuma bai yarda an karɓe shi ba har bakin kabari.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Bayarwa daban, iya bayarwa daban. Lurwanu ya ƙi taimako da dukiyar da ba tasa ba, wannan ɗaya. Da ya tashi bayar da tasa, ya nemi hanyar da mai karɓa ba zai sunkuyar da kai ba, har ya yarda a yi masa faɗa a kan alherinsa, har ya yarda ya rasa aiki kada a tona. Mu fa? Mudu ɗaya na shinkafa za mu bayar, sai mun tara unguwa, sai an ɗaga waya an ɗauki hoto, a ce wa bawan Allah ya riƙe ledar da kyau ya kalli nan. Ya tafi da shinkafa, ya bar mutuncinsa a wayarka. Shekara ta zagayo kana tuna masa. Malamai sun karantar da mu cewa kyautar da gori ya biyo bayanta ta lalace, ko da ta cika tirela.

Kuma kada wanda ake ba ya ce shi ba ruwansa da wannan wa'azi. Iya Tasalla ba ta da abin bayarwa, amma ta iya karɓa, ta rufa wa mai ba ta asiri, kuma ranar da ya shiga uku ba ta ɓuya a bayan mutane ba. Masu hali irin na Sabi'u kuma, ku ci gaba da tsare amana, amma kafin ka zari takalmi ka kai rahoton ɗan'uwanka, taka ka je ka sunkuya ka ga abin da ya zube.

Kowane ɗayanku ya san wata Iya Tasalla. Tana layinku, ko a gidanku, ko wani dattijo ne da yake zaune kusa da kai yanzu, wanda zai kwana da yunwa bai buɗe baki ba. Ba ka da fokilif, na sani. Amma kana iya sayen abin da yake sayarwa ba ka nemi ragi ba. Kana iya ba shi ɗan aikin da zai iya, ka sallame shi da kyau. Kana iya aikawa ta hannun da ba zai gane ba. Ka nemo naka buhun, ka nemo taka ƙuryar, ka soke shi sa'ad da ba kowa. In ya gane, ya yi kamar bai gane ba, kai ma ka yi kamar ba ka gane ya gane ba.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sa mu zama masu rufa wa wasu. Na ga ladan yana duba agogo. Ku tashi mu gyara sahu.